Ranar da Alhaji Ya Ba Mu Wuri a Allo

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka zauna gaban allon intanet, magazarmu ta Djougou, wato rumbun da muke tara kaya, tana bakin rufewa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun tarar da allon ya zama ɗan gida, kuna jan takarda kuna liƙawa kuna wasa da dariya. To ku gyara zama ku ji, mu ba da dariya muka fara ba.

A lokacin ma ni ne shugaban reshen Djougou. Aikinmu, ga wanda bai sani ba, mu sayi waken soya a hannun manoma, mu auna, mu ɗura a buhu, kamiyo, wato babbar mota, ya kwashe zuwa babban biro, ofishinmu na Parakou. Alhaji Bawa shi ne direkta, shi ya kafa kamfanin da guminsa. Aminin mahaifina marigayi ne, Baba nake ce masa, kuma ko a waya ya kira ni sai na ji na miƙe tsaye.

Kaka ta zo ta wuce kayanmu suna raguwa, wata ta zo abin ya ƙara lalacewa. Alhaji ya ce reshen da ba ya cika kamiyo ba shi da amfani, za a rufe. Mu kuwa mun san ciwon. Shi da kansa ya kafa dokar cewa ba a awo sai a magaza cikin gari. Manomin ƙauyukan Sérou kuma ba zai ɗora buhu a babur ya biyo jar hanyar nan ba, alhali wasu masu saye suna kai masa sikeli har ƙofar gida. Kowa ya sani, har mai gadi. Amma wa zai dubi idon Alhaji ya ce dokarka ce ta kashe mu? Ni dai na sha ɗaura niyya, in na kai “Baba, dama...” sai in ƙare da tambayar lafiyar Hajiyarsa.

Zuwaira, mai kula da na'urori a biron Parakou, ita ta roƙi Alhaji a ji ta bakin ma'aikata kafin a sa kwaɗo, ta ce ba sai kowa ya hau mota ba. Ta buɗe mana allon. Farin fili ne a ordinatar, wato kwamfuta, ko a waya, kowa daga inda yake zai liƙa ƴar takarda mai launi ya rubuta, sauran su gani nan take. Kowa kuma yana da ƴar kibiya ɗauke da sunansa, duk inda ya nufa ana ganinsa.

Zaman farko, wallahi abin dariya abin kuka. Tanko mai awo ya fara liƙa takarda: “Salamu alaikum, ina kwanan Alhaji.” Wani ya amsa daga Parakou. Sai ga “ya iyali”, ga “ya gajiya”, ga “ya muka ji da zafi”. Kafin ka ce kwabo allon ya cika da gaisuwa, babu masaka tsinke. Kowa kuma ya kunna kamara don Alhaji ya ga ya zo, rezo, wato layin intanet, ya yi nauyi, murya tana yankewa. Can Alhaji ya liƙa tasa guda ɗaya: “Mutanen Djougou sun yi sanyi.” Me kuke tsammani? Takardu suka jeru a ƙarƙashinta kamar sahun salla. “Haka ne, Alhaji.” “Gaskiya ne, ranka ya daɗe.” Har da Tanko, mutumin da abincin iyalinsa ake shirin kifarwa! Direbanmu ya yi kuskure ya ja takardar Alhaji gefe, ya dinga ba da haƙuri kamar ya taka masa riga. Da za a tashi Alhaji ya ce, “To kun gani, su da kansu sun yarda.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira Zuwaira na ce, “Ƙanwata, allon nan naki ya yanka mu ba wuƙa.”

Ta ce, “Yaya Sani, ba allon ba ne. Na buɗe muku fili ban share shi ba. Bari in roƙi Alhaji ƙarin zama ɗaya.”

Yadda ta shawo kansa, Allah kaɗai ya sani, amma ya ce ranar Alhamis da hantsi, kuma daga shi babu ƙari.

Kafin ranar ta sake wa allon fasali. A gefe ta zana wani ɗaki ta rubuta masa “Zaure”, ta ce duk mai gaisuwa ya yi a nan, ya gaisa har ya gaji, amma kada gaisuwa ta shigo cikin gida. A sama ta rubuta tambaya ɗaya tak da manyan baƙaƙe: me ya hana manoma kawo mana kaya? Ƙarƙashinta ɗakuna uku, na abin da muka gani, na abin da za mu daina, da na abin da za mu fara. Ta ce magana ɗaya a takarda ɗaya, a kashe kamara a bar murya, kuma ta ɓoye sunayen masu rubutu. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya a waya muka gwada, har Tanko ya iya liƙa takarda ba tare da ya tura rabin allon daji ba.

Alhamis ta zo. Muka gaisa a zaure lafiya lau, Alhaji ma ya amsa. Zuwaira ta karanta tambayar, ta sa agogo, ta ce kowa ya rubuta ba magana. Agogo yana tafiya, allo fari fat. Na duba, sai ga kibiyar Alhaji da sunansa tana kewaya ɗakunan nan a hankali, daga wannan zuwa wancan. Tanko, da ke zaune kusa da ni, ya rage murya ya ce, “Shugaba, ga shi nan fa yana kallo.” Ni kaina yatsana yana kan waya ya ƙi motsi. Na ce a raina shi ke nan, magaza ta tafi.

Sai muka ji muryar Zuwaira, cikin ladabi: “Alhaji, a gafarce ni. An kawo wa baƙi abinci, amma mai gida yana zaune.”

Kun san al'adarmu. In ka ajiye wa baƙo kwano, tashi kake yi ka ba shi wuri, in ba haka ba loma biyu zai yi ya ce ya ƙoshi. Na ce a raina yau yarinyar nan ta jawo wa kanta. Sai Alhaji ya yi dariya ya ce, “Au, ashe ni na hana su ci? To bismilla. Bari in leƙa kasuwar Arzèkè, sai bayan Azahar.” Kibiyarsa ta ɓace.

Jama'a, ku zo ku ga ruwan takardu! Daga Djougou, daga Parakou, har waɗanda ban taɓa jin sun yi tari a taro ba. Da agogo ya cika, Zuwaira ta sa muka tattara masu kama da juna wuri guda. Maganar lalacewar buhu ta sami ƴan kaɗan, ta jinkirin kamiyo ma haka. Maganar awo a gari kuwa ta yi tuli har ta fita daga ɗakinta. Ta ba kowa ɗigo ya sa a kan abin da ya fi damunsa, ɗigon ma can suka taru.

Bayan salla muka dawo. Kibiyar Alhaji ta bayyana, ta nufi tulin nan, tana tsayawa a kan kowace takarda.

Ya ce, “Sani.”

Na ce, “Na'am, Baba.”

“Da taka a ciki?”

Babu suna a kan ko ɗaya, da na so sai in noƙe. Amma na dubi Tanko na ce, “Da tawa, Baba.”

“Tun yaushe kuka san haka?”

“Mun daɗe.”

Ya ja numfashi har muna ji. Ya ce, “Kuka zuba mini ido ina shirin rufe wa bayin Allah ƙofar abinci. Kai, Allah ya shirye ku.” Ba da faɗa ya faɗa ba. Sannan ya gaya mana abin da ba mu sani ba, cewa a farkon kamfanin wani mai awo ya taɓa tauye manoma a ƙauye da sunansa, kunyar abin ta sa ya rantse sikelinsa ba zai ƙara barin gabansa ba.

Muna kallo ya liƙa sabuwar takarda ya rubuta “Awo a gari kaɗai”. Ya kama ta da kibiyarsa, ya ja ta a hankali, ya ajiye a ɗakin abin da za mu daina. Tanko ya rufe fuska da hula. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, hawaye na yi.

A ɗaki na uku Zuwaira ta maido da sunaye, don a nan dole a san wa zai yi me. Aka rubuta sikeli zai hau babur mai ƙafa uku ya shiga ƙauyukan Sérou, mutum biyu a kan awo, manomi yana tsaye yana gani. Wannan sharaɗin na Alhaji ne, kuma ya yi gaskiya. Ta kulle allon don kada wani ya goge da kuskure, ta aika wa kowa hotonsa. Kakar da ta biyo baya sai da muka nemi ƙarin kamiyo.

Ina gode wa Allah, ina gode wa Zuwaira da ta san na'ura kuma ta san mutanenta, ina gode wa Alhaji da bai ɗauki tashi daga wuri a matsayin raini ba. Abin da na koya shi ne, shirun ma'aikatanmu ba rashin sani ba ne, kunya ce, kuma kunya ba abin yarwa ba ce. Sai dai in babba yana son gaskiya, ba ya isa ya ce a faɗa, sai ya matsa.

Yanzu ni ne mai furfura a cikinku, na kuma lura kun fara yi mini “haka ne, shugaba”. Saboda haka gobe in an buɗe allo kuka ga na miƙe na fita, ba fushi na yi ba. Ku rubuta, ko da a kaina ne.