Baba Sajan Ya Ƙi Jirgi

Duk wanda ya sha shayi da Baba Sajan a unguwar Muntazah ya san dokar: jirgi na wucewa, hira ta tsaya. Sai ya ɗaga yatsa, ya kasa kunne, ya yanke hukunci: "Wannan matuƙin yaro ne." A Doha fa, inda jirgi ba ya hutawa! Labari ɗaya sai ya kai mu magariba.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ni na kawo shi jinya daga Gusau. Lokacin yaƙin basasa yana cikin masu turo bom ta ƙofar jirgi, har aka harbo su, ya diro da laima, ya maƙale a kan bishiyar kwakwa.

Na ce, "Kawu, sojoji nawa suka kama ka?"

"Mata ne, za su kasuwa."

"Mata, Kawu?"

"Kai, rufe min baki! Ka ga damatsansu?"

Tun daga tsarewar da aka yi masa bayan wannan kamun ba ya yarda da ƙofa a rufe. Ranar da na kai shi wurin aikina a West Bay, lif na buɗewa ya ja da baya.

"An kulle ni sau ɗaya, khalas, ba ƙari."

Muka bi matakala. Wallahi ni ne na fara zama ina haki, tsohon nan yana kirana rago.

Da ya samu sauƙi, iyalinsa suka matsa a dawo musu da shi. Na sayi tikiti, ya ce atafau.

"Babu mota zuwa Gusau?"

"Haba Kawu, akwai teku fa!"

"To a zagaya mana."

Raina ya ɓaci, na ce sajan guda yana tsoron jirgi, abin kunya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba faɗowa nake tsoro ba, ɗana. Da muke zuwa a jirgi na leƙa taga, na ga rufin gidaje ƙanana. Haka nake ganinsu a wancan lokacin. Har yau ban san su wa ke ciki ba."

Ban sake yi masa maganar tikiti ba. A nan ya rasu, a nan muka binne shi, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa. Ya jiƙan waɗanda ke cikin gidajen nan su ma.