Kujerar Baya

Lokacin da farar hula suka dawo mulki, benaye suka fara tsirowa ta ko'ina a Abuja, ni kuwa na ajiye mukullin motar ma'aikatar da nake wa direba na koma gidana a Kuje. Ban daɗe da komawa ba Allah ya yi wa uwar yara rasuwa. Na karɓi gaisuwa ido a bushe, har ana yabon tawakkalina. Bayan an yi arba'in sai abinci ya daina shiga. A kawo tuwo in dube shi, shi ma ya dube ni, a ɗauke. Majalisar ƙofar masallaci ma na daina zama.

Babbar 'yata tana aiki a wata hukuma a cikin gari, mai digiri ce, ni kuwa firamare ma da ƙyar muka rabu lafiya. Ta kai ni asibiti aka auna jini, aka ce lafiyata ƙalau. Sai ta ba ni zaɓi: ko in ga likitan da ake zama a yi wa magana, ko ta rufe gidan Kuje ta kwashe ni zuwa saman benen da take haya. Gidan nan kuwa tsintsiyar uwarta na nan jingine inda ta bar ta. Na tambaye ta ko na haukace ne ba a gaya mini ba. Ta ce baƙin ciki ne, shi ma ana kai shi wurin likita. Na yarda, amma a unguwa na ce asibitin ido nake zuwa.

Likitar 'yar Filato ce, a haife ko 'yata ta girme ta. Ba allura a ofishinta, ba abin sawa a kunne. Kujeru biyu ne suna kallon juna, sai kwalin tishu a tsakani. Ta tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce 'yata. Makonni ina zuwa ina ba ta rahoton cunkoson hanyar filin jirgi da halin direbobin yanzu. Yarinya tana kallon tsakiyar idona, ni da gemuna, in ce mata me?

Wata rana ta tambayi yadda nake hira da ogannina. Na gyara zama na karantar da ita, tunda wannan fannina ne. Direba ba ya kallon fuskar oga. Oga na baya, kai idonka na kan titi, shi ya sa magana ke fita ba nauyi. Bakina ya zarce na ce ko uwar yara ba ta taɓa yarda ta zauna gaba ba, kunya take ji, kuma duk hirarmu mai daɗi a hanya muka yi ta, tana bayana.

Sai likita ta tashi ta juya kujerata ta fuskanci taga, ta ja tata ta koma bayana.

"To Baba, ja mu tafi."

"Ina muka nufa, ranki ya daɗe?"

"Inda Mama ta fi son zuwa."

Na so in yi dariya. Amma na ɗauki hanyar Paikon Kore, inda muke sayen doya. Ina faɗin ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya, ban san lokacin da na karkata zuwa hanyar asibiti ba, ranar da na ɗauke ta a motar maƙwabci, tana kwance a baya tana ce mini in rage gudu kada in kashe 'ya'yan mutane. Maganarta ta ƙarshe kenan gare ni, faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na yi kuka har hulata ta faɗi, na cinye wa gwamnati rabin kwalin tishu. Likita ba ta zagayo ta ga fuskata ba, Allah ya saka mata.

Da na sauka a Kuje ido jajur, 'yan majalisa suka ce lallai maganin idon nan yana da ƙarfi. Na ce sosai. Da yamma na aika maƙwabta a tambayo ko akwai sauran tuwo.

Na ci gaba da zuwa, kullum ina gaba likita tana baya. Da 'yata ta zo ta tarar ina suɗe kwano, ba ta sake ta da zancen bene ba. Har yau in na tuna hular nan a ƙasa sai in ji kamar in nutse. Gidan dai yana buɗe, tsintsiyar ma yanzu ni ke shara da ita.