Malam Salman Da Ƙurajen Saiwar Wake

Da damina, kafin motocin Kano su fara lodi a bakin titin Kankia, Malam Salman malamin gona ya riga ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya nufi Fakuwa. Ba ya shiga gona da jawabi. Tsugunawa yake yi, ya tugo wake tushe ɗaya, ya wanke saiwar da ruwan butarsa, ya sa farce ya fasa ɗaya daga cikin 'yan ƙurajen da ke manne da ita. Manoma har tsokanarsa suke yi, wai shi ne likitan da ke fara duba mara lafiya ta ƙafa.

Abin da yake nema launi ne. In cikin ƙurjin ja ne, sai ya yi murmushi. Yakan ce jan nan ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu ne, masana na kiransa hem. Shi ke daidaita iska ga wasu ƙananan halittu da ke zaune a ƙurjin suna haɗa wa wake taki. Idan shuka ta tsufa ko ƙishi ya matsa mata, sai ƙwayoyin jikinta su fasa jan nan, su zare sinadarin ƙarfen da ke tsakiyarsa su adana, ragowar ta koma kore, kamar yadda wurin da aka buge kan sauya launi in jini ya kwanta. Ƙurjin da ya yi kore ya ajiye aiki ke nan.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shekarar da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, wani manomi a Kaikai mai suna Nagoggo ya ga wakensa na yaushi, ya tugo, ya ga ƙuraje reras. Ya yanke cewa cuta ce. Ya ƙudura tuge gonar duka ya ba dabbobi, in ruwa ya dawo ya sake shuka, maƙwabtansa kuma suka ce abin da ya yi shi za su yi. Kaikai ƙasar Kusada ce, ba yankin Malam Salman ba, amma da labari ya iske shi bai tsaya neman izini ba.

Da isarsa gonar, ya fasa ƙurji na farko, ja. Na biyu kore. Ya ci gaba da fasawa, koren na neman rinjaye.

Nagoggo ya ce, “Malam, mi ka gani? Hwaɗa mani gaskiya.”

“Ba cuta ba ce, ƙishi ne. Waɗansu sun mutu, waɗansu na da rai. In ruwa ya sauka saiwar za ta fid da sabbi.”

“In bai sauka ba hwa?”

“Ka rasa waken, ka rasa harawar. Ba ni da tabbas, Nagoggo. Amma da gonata ce, ba na tugewa.”

Nagoggo ya daɗe yana duban sama, sannan ya ce, “To, na bari. Abincin gidana na bisa bakinka.”

Wannan magana ta hana Malam Salman sakat. Matarsa Hadijatu ta ce a kwanakin nan ko tuwo ba ya gamawa, da ya ji iska ta kaɗa sai ya fito tsakar gida yana leƙen gabas. Kullum sai ya koma Kaikai, kullum koren na ƙaruwa, kuma bai taɓa ɓoye wa mai gonar ba. Wasu maƙwabtan suka gaji suka tuge nasu. Har Malam Salman ya fara jin kunyar gaida mutane a hanya.

Ruwan ya zo a makare. Wani ɓangaren gonar ya riga ya ƙone, saura ya farfaɗo, ya fid da sababbin ƙuraje jawur. Nagoggo bai cika rumbu ba, amma gidansa ya ci wake har bazara. Waɗanda suka sake shuka, damina ta ƙare musu wake na fure.

Malam Salman, kai ne ka ce “ba ni da tabbas” a inda wani zai cika baki, sannan ka tsaya ka ɗauki nauyin maganarka. Dogo mai tsugunawa don gajere ya gani. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Sai dai hankalinmu bai kwanta ba. Bana Malam Salman ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, kuma har yau ba a turo wani a madadinsa ba. Matasanmu da suka karanta aikin gona, ku je ku zauna da shi tun yana iya nuna muku. Makon jiya hadari ya sake yin nisa, wani manomi daga Fakuwa ya ƙunso saiwar wake a leda, ya hau mota har Kankia, ya iske ofishin malamin gona a rufe. Sai da ya yi ta tambaya aka nuna masa gidan Malam.