Tsamiyar Iya a Gwangwanin Madara

A azumin shekarar da na shiga aji biyar, na dawo daga makaranta da la'asar, na tarar da kakata Iya zaune a tsakar gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda tana jiƙa tsamiyar kunu. Ina cike da sabon ilimi, na shaida mata abin da malaminmu ya faɗa: Larabawa ne suka kira abin nan tamar hindi, wato dabinon Indiya, Turawa suka ara suka lanƙwasa shi ya zama tamarind. Na ƙarasa da cewa ashe tsamiya 'yar Indiya ce. Iya ta tsame hannunta daga kwano ta dube ni. "Kai miji, halas, ya isa haka! A gindinta aka yanke mini cibiya a Damagaram, yau kai za ka ba Indiya?"

Na ɗauka wasan jika da kaka ne, ashe abin ya sosa mata rai. Mu jikokinta duk a Jidda aka haife mu, Hausarmu rabi Larabci ce, ga shi har tsamiyar ma muna neman mu sallama wa wasu. Washegari ta zaɓo ƙwallaye daga cikin wadda alhazai suka kawo mata tsaraba, ta shuka a gwangwanin madara, ta ɗora mini ban ruwa safe da yamma. Mahaifiyata ta tsorata, don a garinsu ba a shuka tsamiya cikin gida saboda aljanu. Iya ta ce, "Rabu da su, 'yar nan, ba su da iƙama, takardar zama a ƙasar nan." Kullum ina zuba ruwa tana ba ni labarin inuwar tsamiyar garinsu da yadda suke kaɗo 'ya'yan da gora, kuma duk kalmar Larabcin da ta kuɓuce mini sai na maimaita ta da Hausa. Tsiron bai taɓa wuce gwiwata ba, amma a gindinsa bakina ya buɗe.

Sai da na girma na karanta cewa masana tsirrai sun ce Afirka ce asalin itacen, sunan kawai ya bi ta Indiya. Lokacin Iya ta riga ta rasu, kuma har yau ina kewarta. Yanzu 'ya'yana tamar hindi suke sha a kwalba, mai sanyi, mai sukari, ni kuwa ina lallaɓa su da Hausa suna amsa mini da Larabci. Iya tana da gaskiya, ban samu na faɗa mata ba.