Tsirya a Tsamiyar Gidan Mutane

Shekarun baya, lokacin da wurin aiki suke yawan tura ni kwas ƙasashen waje, na kwaso wata ɗabi'a da har yau 'yan gidanmu a Gaya ba su gama yi min dariya a kanta ba, wato kallon tsuntsaye. Wasu in sun fita, turare da agogo suke dawowa da su. Ni kuwa madubin hangen nesa na sayo, da wani ɗan littafi mai baƙin bango. Duk tsuntsun da na gani sabo sai in ba shi lamba, in rubuta sunansa da ranar da wurin da na gan shi. Mahaifiyata ta taɓa buɗe littafin, ta jujjuya shi, ta ce, "Yanzu duk jirgin nan da kake hawa, tsuntsaye kake zuwa ƙirgawa?"

A wani lambu a ƙasar Holan na ga wasu korayen tsuntsaye masu dogon bindi da jan baki, sun cika wuri da ƙara. Ina ta rawar jiki ina rubutawa, sai dattijon da yake koya min harkar ya yi dariya ya ce ai wannan tsuntsun naku ne, a nan baƙo ne kamar kai. Kunya ta kama ni. Da na dawo gida na kwatanta, aka ce min ai tsirya ce. Ga ta a littafina da sunan garin Turawa a gabanta, alhali ban taɓa ɗaga kai na gan ta a ƙasarmu ba. Daga ranar na ƙudurta sai na sake rubuta ta da sunan wani gari namu.

Abokina da yake koyarwa a Ajingi ya ce yana jin kukansu a wani ƙauye kusa da Toranke. Wata Asabar bayan an gama girbi ya ɗauke ni a babur muka tafi. Da hantsi muka isa. Ya sauke ni a inuwar wata kuka a bakin gari, ya ce zai leƙa gaisuwar rasuwa a ƙauyen gaba. "Ka jira ni a nan, ba zan wuce minti talatin ba," in ji shi. "In na dawo sai mu fara zuwa mu gaida mai unguwa, ya haɗa mu da wanda zai zaga da mu." Na ce to, amma a raina ina cewa mutumin da ya shiga dazukan ƙasashe uku ba wanda ya yi masa rakiya, shi ne zai tsaya neman izinin kallon tsuntsu a ƙasar ubansa?

Ko minti goma bai yi da tafiya ba na ji kukan tsirya. Na miƙe na bi ta cikin gonakin da aka sare karansu, har na hango wata ƙatuwar tsamiya, ga koren abu yana shiga wani kogo a jikinta. Tsamiyar a tsakiyar wani gida take, an kewaye shi da zana, zanar ta kare min kogon. Sai na ga wani suri a gefe, na tattare riga na haye kansa, na ɗora madubi a ido. Allah ya sani, a lokacin ban ga gida ba, ban ga zana ba, reshe kawai nake gani. Na daɗe a haka ina jiran tsiryar ta leƙo.

"Malam, lafiya?"

Muryar daga bayana ta zo, a hankali. Na waiwaya, sai ga wani magidanci riƙe da lauje, bai fi sa'ana ba. Na washe baki na ce lafiya lau, tsuntsu nake kallo. Bai yi dariya ba. Ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi inda na saita shi, ya ce, "Gidana ne wannan. Sauko."

Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa mutane sun fara taruwa. Ban san daga ina suka ɓullo ba, gonakin da na gani wayam ɗazu sai ga maza sun fi goma, wasu da sanduna. Wani ya fizge littafin daga aljihuna ya buɗe, ya ga lambobi jere da rubutun boko, ya ɗaga shi sama ya ce, "Kun gani ko? Irinsu ne masu zuwa leƙen gidaje su kai wa ɓarayi rahoto." Wani ya damƙi wuyan rigata ta baya. Na san labaran da ake ji a lokacin, na kuma san abin da taro yake yi wa baƙon da aka zarga kafin a tsaya tambayar sunansa. Na laluba waya zan kira abokina, aka karɓe ta.

A nan na tafka wautar da ta fi ta farko. A can waje, duk wanda ya tambaye ni me nake kallo, in na miƙa masa madubin sai ya duba ya yi murmushi mu zama abokai. Sai na cire shi daga wuyana na miƙa wa maigidan, na ce, "Don Allah hau ka duba da kanka, za ka ga abin da nake kallo."

Ya ajiye laujen ya hau surin. Ya ɗan sha wahala kafin ya daidaita shi a idonsa, sannan ya tsaya cak. Ni ina ƙasa ina addu'a tsiryar ta fito. Ya daɗe bai motsa ba, da ya sauko kuwa idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Har awarwaron hannun iyalina na ƙirga," ya ce. "Tun yaushe kake tsaye a nan?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Da hannuna na nuna masa, a gaban maƙwabtansa, cewa wani ƙato ya tsaya a kan tudu yana kallon tsakar gidansa kamar yana zaune a ciki. Wanda yake riƙe da rigata ya ƙara matsewa har numfashina ya fara sarƙewa, na ga wata sanda ta yi sama. Wani tsoho ne ya shiga tsakani, ya ce kada wanda ya taɓa ni, a kai ni gaban mai unguwa. Haka aka tasa ni a gaba cikin gari, takalmina ɗaya ya cire ban ko tsaya ɗauka ba.

Mai unguwa dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu a ƙofar zaurensa. Aka zaunar da ni a ƙasa, aka zube madubi da littafi da waya a gabansa. Ana cikin mayar da magana sai ga abokina ya iso a guje, ko kafe babur ɗin bai yi da kyau ba. Ya durƙusa ya yi bayani, ya faɗi unguwarmu a Gaya, ya faɗi makarantar Islamiyyar da mahaifina yake koyarwa. Na ɗauka wannan zai cece ni. Sai mai unguwa ya ɗago ya ce, "Ɗan Malam ne wannan?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ya ce maganar rahoto a bar ta, ya yarda ni ba ɓarawo ba ne. Sannan ya dube ni ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah. Ka ga matan gidan ko ba ka gan su ba?"

Abokina ya ɗan taɓa ni da gwiwa. Na san abin da yake nufi, in ce reshe kawai na gani, a wuce wurin. Amma gaskiya ita ce, ina cikin jira wata mata ta gifta da faifai a hannu, ta tsaya daidai gindin bishiyar tana bakace. Na gan ta sarai. Kuma ban sauke madubin ba, haushinta ma na ji don kada motsinta ya hana tsuntsuwar fitowa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga mace ɗaya. Ba ita nake kallo ba, amma na gan ta, kuma ban kau da kai ba."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Maigidan ya sunkuyar da kai. Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce, "Da ka yi ƙarya da na bar ka da su, don maigidan ya hau ya gani da idonsa." Sannan ya ce, "Abin da ya ba ni mamaki da kai, gidan nan yana da ƙofa. Da ka yi sallama ka ce tsuntsu kake so ka gani, da mata sun shiga ɗaki, an shimfiɗa maka tabarma a gindin tsamiyar, har fura a kawo maka. Ka tsallake duk wannan ka hau suri."

Ya sa na ba maigidan haƙuri a gaban kowa. Mutumin ya ce ya yafe, amma bai dube ni ba. Aka mayar min da kayana. Abokina ya ɗauko ni a babur muka dawo Gaya.

Bayan kamar wata biyu na sayi goro na koma, don in shiga ta ƙofa yadda ya kamata tun farko. Tun daga bakin gari na ga sararin sama a inda bai kamata ba. Tsamiyar babu ita, sai kututture. Maigidan ya karɓe ni da mutunci, ya karɓi goron, muka gaisa. Da na kasa haƙuri na tambaya, sai ya ce, "Bayan tafiyarka samari suka mai da abin wasa, kowa ya zo wucewa sai ya ce bari ya ga tsuntsun ɗan boko. Surin na rushe shi, ba su daina ɗaga kai ba. Sai na ce a sare, kowa ya huta." Ya ce kakansa ne ya dasa ta. Daga cikin gida ina jiyo ƙarar daka, a wannan tsakar ranar, ba inuwa.

Har yanzu ina kallon tsuntsaye, kuma duk inda na je sai na nemi mai wurin na gaishe shi kafin in ɗaga madubi. Duka ban sha ba a ranar, ko ƙwarzane ban samu ba, kuma na daɗe ina ba da labarin a matsayin ranar da na tsallake rijiya da baya. Sai daga baya na daina jin daɗin ba da shi haka. Ni na koma gida lafiya. Matan da ban ko san sunansu ba su ne suke daka a rana har yau, saboda na ga jiran minti talatin ya yi min yawa.