Kwamfutar da Sai an Gaishe Ta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da kwamfuta ta so ta tsinka ni a gaban surukina ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina koyarwa a Karaye. Na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Kano, na dawo ina hura hanci kamar ni na ƙera ta.

Surukina malamin allo ne a Zoza. Ɗansa da ke Saudiyya ya aiko masa da kwamfutar tafi-da-gidanka, haɗe da faifan karatun Alƙur'ani. Faifan ya ƙi yi da tsohon tsarin da ke cikinta, sai na bugi ƙirji na goge shi, na ɗora sabo, na cika batir a Karaye. Malam kuwa ya aika wa abokansa har na garin Fulatan cewa su zo ranar Alhamis su ji karatu daga cikin akwati, aikin surukinsa.

Da ranar ta zo, na ajiye kwamfutar kan buzu a zaure, na kunna, ta kawo haske tas. Kafin in sa faifan sai ga baƙon farko. Dole na saki komai na durƙusa. Ina gajiya, ina iyali, ya damina, ya gyaɗa, ya mai jiki. Da na juyo, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Na danne maɓallin wuta har ta mutu gaba ɗaya, na sake tayar da ita daga farko. Tana gama tashi sai ga dattawa biyu, na sake durƙusawa, ta sake ɗaukewa.

Sau huɗu muna haka. Na cire batir na hura, na mayar. Na juya ta na leƙa ƙasanta, ban ma san abin da nake nema ba. Batir yana ta raguwa, ga shi Zoza babu lantarki. Zaure ya cika, ni kuma ina ta zuba musu bayanin da ni kaina ban gane ba, wai tsarin ne bai gama zama ba. Malam bai ko dube ni ba, carbinsa kawai yake ja. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Can sai wani tsohon manomi, aminin Malam, ya yi gyaran murya.

"Malamin boko, tun da muka shigo kowa an gaishe shi. Ita wa ya gaishe ta? Baƙuwa ce fa daga Makka."

"Baba, ai inji ne," na ce.

Bai kula ni ba. Ya matso ya tsuguna, ya ce, "Salamu alaikum, Hajiya. An zo lafiya? Ya hanya?" Ya ɗora tafin hannunsa a kan maɓallanta kamar mai musabaha. Nan take ta kawo haske. Zaure ya ɗauki kabbara. Na sa faifan, karatu ya tashi raɗau.

Bayan mako guda na je wurin wanda ya koya mana a Kano. Ya yi dariya har da hawaye. Ashe sabon tsarin, in yana kan batir aka yi minti uku ba a taɓa shi ba, kashe haske yake don tattali, kowane maɓalli ka taɓa ya farka. Gaisuwar Zoza kuwa ba ta taɓa ƙarewa a minti uku ba.

Na koma da niyyar gyarawa. Malam yana kallon ƙasa ya ce, "A bar ta haka. Ita ma tana da haƙƙi."

Na bar ta. Tun daga ranar, in abu ya gagare ni, ba na cika wa mutane kunne da bayani. Cewa nake ban sani ba, in matsa gefe, ko da wanda zai gwada bai taɓa shiga aji ba.