Bangon Kaka a Rusaifa

Har yau ƙanshin gawayi ɓata min rai yake yi, don yana tuna min da Kaka da abin da ɗanta, Kawu Sale, ya yi mata. A gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka, bayan magariba, takan hura murhun shayi a saman soro, mu jikoki mu kewaye ta. Labarin da ta fi so shi ne wanda ta ji a birnin Asmara, lokacin da take wankau a gidan wata Baturiyar Italiya, kafin ta tsallako teku zuwa Makka.

Wai a ƙasar matar an ɗauko wani mai zane ya ƙawata wani ɗaki a babban coci. Kullum sai ya yi yaɓe daidai wanda zai iya gamawa, ya zana a kai tun bai bushe ba. Attajirin da ya gina ɗakin ya ce a sa fuskar matarsa a tsakiya, mai zanen kuwa ya sa fuskar mai sharar wurin. Attajiri ya fusata, ya sa aka bi ta da farar ƙasa. Bayan shekaru farar ƙasar ta ɓamɓare, sai ga mai shara tana kallon jama'a.

"Launin ya shiga tun bangon yana ɗanye," in ji Kaka. "Ba a sama yake ba, yana ciki."

Haka ta yi wa ɗakinta. Da hannunta ta yi yaɓe, ta zana ganyaye da dagi irin na gidajen Zariya, da shuni da jar ƙasa, ba fuska ko ɗaya. Duk da haka Kawu ya tsani bangon nan.

"Ya Ummi, aibu ne. Duk wanda ya shigo ya san mu Takari ne."

"To mu su wane ne, Sale?"

Kwana biyar da rasuwarta na ji zai gyara ɗakin. Na ba kaina haƙuri, na ce ya yi ta fentinsa, wata rana zanen zai fito. Ranar Juma'a na je, na tarar da bulo tsirara, yaɓen duk yana cikin buhuna a bakin ƙofa.

Na manta shi ma ya zauna a gaban murhun nan kafin a haife mu. Ya saurari labarin, ya gane shi sarai, ya san fenti ba zai yi ba, shi ya sa ya zo da guduma. Har yau ban yafe masa ba.